Ƙarar Bindiga Kaɗai Muka Ji: Nazarin Tafiyar Gidanmu Zuwa Su Na Argungu

A watan Maris na 2020 mu goma sha huɗu muka tashi daga Gusau a bas ɗin shata domin kallon su na Argungu, wato bikin kamun kifi. Kwana biyu muka yi a waje, muka ci fiye da kilomita 600 zuwa da dawowa, amma mutum ɗaya tak a cikinmu ya ga masunta sun faɗa ruwa. Shi ne kuwa wanda muka manta a hanya. Ni ne ma'ajin tafiyar, kuma littafin lissafin yana hannuna har yau. Duk sallah sai an tayar da labarin a gidanmu a sha dariya, kowa yana ƙara gishirinsa. Na ga ya kamata a samu wanda zai bi shi daki-daki, ya nuna inda gizo ya saƙa.

Yadda aka ƙulla

Inna, mahaifiyar Baba, Bakaba ce. Daga Argungu aka kawo ta Gusau aure tana yarinya, kuma tun da iyayenta suka rasu ƙafarta ta ɗauke daga can. Bikin su kuwa tun na 2009 ba a sake yi ba. Ranar da rediyo ya ce za a dawo da shi daga 11 zuwa 14 ga Maris, Inna tana kan tabarma tana ɓarar gyaɗa, sai ta ce, "Allah sarki, Argungu." Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Baba ya ji, ya fassara da cewa tsohuwa tana son ganin su. Babu wanda ya koma ya tambaye ta.

Baba ɗan kasuwar hatsi ne, kuma ya halarci bikin 2009, saboda haka a gidanmu shi ne malamin Argungu. A daren ya tara mu ya sake ba mu tarihin da muka haddace: yadda a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Sama, aka shirya su domin karrama shi, gabar da ta daɗe tsakanin Sakkwato da Kabi ta zama zumunci. Ni da nake malamin makaranta na so in nuna nawa sanin, na ce ai a 2016 hukumar UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun duniya. Baba ya ce, "Su wa? Tun ba a haihe su ba akai su a Matan Fada." Daga baya na duba, ashe a 1945 aka kafa hukumar. Baba ya fi ni gaskiya da shekara goma sha ɗaya.

Aka raba aiki. Ni kuɗi: shatar mota, abinci, da man fetur wanda a lokacin lita take naira 145. Mama da matar Yaya girki. Kawu, ƙanin Mama, shi ne mai ƙirga mutane duk inda aka tsaya. Masauki kuwa Baba ya ce a bar masa, yana da amini a Argungu, abokin cinikinsa na shinkafa, wanda ya sauke shi a 2009.

Na san otal-otal ɗin Argungu da na Birnin Kebbi cika suke yi a irin wannan lokaci, balle bana da har shugaban ƙasa zai je. Na so in ce a kira mutumin. Amma ɗa ba ya tsare mahaifinsa da tambaya a gaban jama'a, sai na bi ta wajen Mama. Mama ta ce in gaya wa Gwaggo, don ita kaɗai ke iya faɗa wa wanta magana. Gwaggo ta faɗa, amma a tsakiyar wata gardama kan wanda zai zauna gaba. Baba ya amsa a taƙaice: "Amini ba a yi mai waya. Ganin ka kawai yakai." Magana ta mutu a nan.

Juma'a: Talata Mafara

An yanke a tashi ƙarfe shida na safe ranar Juma'a 13 ga wata, saboda hanyar Gusau zuwa Sakkwato ba ta tafiyar dare ba ce, kowa ya san dalili. Sha ɗaya saura muka bar ƙofar gida. Ba zan ɓata lokaci kan wannan ba, duk wanda ya taɓa tafiya da mata huɗu da yara biyar da kulolin abinci shida ya san inda awa biyar ta shiga.

Mun wuce Bunguɗu da Maru lafiya, muka iso Talata Mafara ana shirin sallar Juma'a. Maza muka nufi masallaci, mata da yara suka zauna cikin mota. Auta, ɗan shekara bakwai, ya sa kuka sai ya bi mu. Kawu ya zaro wayarsa, ya buɗe masa wasan tseren mota, ya miƙa masa, ya yi shiru.

Da aka idar, kowa ya dawo da nasa lokacin. Kafin nan Gwaggo ta ga albasa da araha ta sayi rabin buhu, direba ya rasa inda zai sa, sai ya ɗora a kujerar can baya da ya gani babu kowa. Kujerar Kawu ce. Baba ya shiga gaba ya ce, "Kowa ya shigo?" Aka amsa baki ɗaya, "E." Mota ta tashi.

A nan kuskuren farko na zahiri ya auku, kuma shi ne ya fi ba ni sha'awa. Mun naɗa mai ƙirga, amma ba mu naɗa mai ƙirga mai ƙirga ba. Tun daga Gusau, duk tsayawa sai mun ji muryar Kawu yana "ɗaya, biyu, ukku", har muka saba da cewa in dai mota ta tashi, to an ƙirga. Rashin jin muryar ba ta dami kowa ba, wasu ma daɗi suka ji. Sunayen mutum goma sha huɗu suna rubuce a shafin farko na littafina, littafin yana kan cinyata. Ban buɗe ba, domin ƙirga ba aikina ba ne.

Sai da muka kusa Lambar Tureta Mama ta buɗe kular dambu, ta zuba na ƙaninta, ta ce a miƙa baya. Kwano ya bi hannu-hannu har ya isa, ya tsaya gaban buhun albasa.

"Ina Kawu yash shiga?"

Yaya ya ce a kira shi. Aka kira. Waya ta yi ƙara a hannun Auta, ya danna ja ba tare da ya ɗaga kai ba.

Ga abin da ya faru ta ɓangaren Kawu, kamar yadda ya ba mu daga baya. Ya fito masallaci bai ga takalminsa ba. Ya yi ta zagaye har jama'a suka watse, ya haƙura ya sayi silifas da 'yan canjin da ke aljihunsa. Ya zo inda mota take, wayam. A duniya lambar waya ɗaya ya haddace, tasa. Ya roƙi wani mai shayi aron waya, ya kira, aka katse. Ya sake, aka katse. Ana haka sai ga wata a-kori-kura cike da masunta daga yankin dam ɗin Bakolori, da gorunansu da homa, za su Argungu. Ya yi musu bayani, suka ce ya hau, ya biya in an isa. Ya zauna tsakiyar goruna yana ta kira da wayar ɗaya daga cikinsu.

Mu kuwa mun juya kan mota mun nufi Mafara. Wajen Lambar Bakura muka yi kiciɓis da su. Kawu ya hango bas ɗinmu, ya miƙe tsaye yana ɗaga hannu biyu yana ihu. Direbanmu ya gani. Ya ce a ransa masunta ne ke murnar biki, ya danna musu oda sau biyu, ya ɗaga musu hannu, ya wuce.

Awa ɗaya da rabi muka yi a Mafara muna neman mutumin da ya riga ya tsallake zuwa jihar Sakkwato. Mun je masallaci, mun je tasha, Mama ta fara kuka. Sai ƙanwata ta karɓi wayar daga hannun Auta don caji ya kusa ƙarewa, ta ga kira goma sha ɗaya daga baƙin lambobi biyu. Baba ya juyo ya ce, "Kai wanga yaro, mi ya hana ka hwaɗi ana kira?" Auta ya ce, "Wani na ke ta ɓata mani wasa."

Masauki

Mun yi magariba a Sakkwato, muka kama hanyar Argungu, tafiyar kusan kilomita 100. Kawu ya ce kada mu damu da shi, zai kwana da mutanensa a bakin gulbi, a haɗu da safe. Har ya fara cewa "mutanena".

Wajen tara da rabi muka isa. Gari ya cika maƙil, kiɗa ta ko'ina, amma Baba bai manta gidan ba, wannan kam a yaba masa. Ya sauka da fara'a, ya sa aka sauko da buhun gero da turmin yadi da ya kawo tsaraba, ya tsaya bakin zaure ya ɗaga murya: "Ina Bakaben ga maci kihi? Hito ka ga baƙi!"

Wani saurayi ya fito, ya durƙusa ya gaishe shi. Ya gane Baba. Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, "Baba, ai Allah ya yi mai rasuwa. Bana shekara ukku."

Wannan wuri ba a dariyarsa ko a gidanmu. Baba ya zauna kan dakali ya cire hula. Saurayin ya ce sun nemi sanar da shi, lambar da ke wayar marigayin ba ta shiga, kuma haka ne, Baba ya canza layi tun da aka sace masa waya a kasuwa. Tafiyar shaƙatawa ta koma ta'aziyya a tsaye, mu da kulolinmu da yara masu gyangyaɗi. Aka yi addu'a. Tsarabar da aka kawo wa mai gida ta zama ta marayu.

Mutanen gidan sun yi mana abin da ba zan manta ba. Gidan cike yake da baƙinsu, amma uwargidan ta kwashe mata da yara zuwa ɗakinta, mu maza aka shimfiɗa mana tabarmi a zaure da ƙofar gida. Sauron Argungu kuma ya karɓi baƙuncinmu. Garin fadama ne, ga gonakin shinkafa kewaye, sauronsa ba ya jin maganin da muka zo da shi daga Gusau. Direba ya gudu cikin mota ya rufe gilashi, zafi ya koro shi, ya dawo, sauro ya mayar da shi. Haka ya yi ta safa da marwa har asuba.

Asabar: ɓarauniyar hanya

Wanda bai san yadda su yake ba zai yi mamakin yadda mutum zai kwana a Argungu ya rasa shi. Abin ba wuni ake yi ana yi ba. Wannan yanki na Matan Fada hana kamun kifi ake yi a cikinsa har ranar biki, domin kifi ya taru ya ƙosa. Sarkin Ruwa ya yi gyaran ruwa, masunta dubbai su jeru nesa da gaɓa, kowa da gorarsa da homarsa, ba a yarda da kayan zamani ba. Da an harba bindiga sai su kwasa a guje su faɗa ruwa. Kamar awa ɗaya ake ɗauka, a auna kifi, wanda nasa ya fi nauyi ya ci. Sauran kwanakin na nunin amfanin gona ne da kokawa da dambe da wasannin ruwa na kabanci. Wanda ya makara da awa ɗaya ranar ƙarshe, sai ya jira wani bikin.

Da safe ɗan marigayin ya ce a bar mota a gida, zai raka mu a ƙasa, don hanyoyin da ke zuwa filin duk jami'an tsaro da cunkoso sun toshe su. Baba ya ce ina, Inna ba ta iya wannan tafiya, kuma shi ya san wata hanya ta bayan gari da marigayi ya bi da shi a 2009, tana ɓullewa daf da gulbi. Yaron ya buɗe baki, ya dubi furfurar Baba, ya rufe.

Muna shiga mota sai saƙo ya fito daga cikin gida: Inna ta ce a tafi, ita ƙafafunta na ciwo.

A ganina nan ne tsakiyar lamarin gaba ɗaya. Dalilin shiga mota Inna ce. Inna ta fasa. Hujja ta faɗi, amma hukuncin da aka gina a kanta ya tsaya daram, domin Baba ya riga ya furta, kuma babu wanda zai ce masa, "To tunda haka ne mu bi yaron nan a ƙasa." Na dubi Yaya, Yaya ya dubi taga. Mu goma sha biyu, cikinmu har da masu digiri biyu, muka zauna kamar buhunan albasar Gwaggo.

Hanyar da Baba ya sani a 2009 tana nan, sai dai shekara goma sha ɗaya ta canza abin da ke gefenta. Noman shinkafa na rani ya bunƙasa a Kabi, musamman tun da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance a jihar a 2015, har ga katafaren kamfanin casar shinkafa a Argungu. Inda Baba ya tuna da fili busasshe, yanzu gonaki ne kore shar, injinan ban ruwa na ta ruri. Wani manomi ya kunna nasa ya tafi kallo, ruwa ya ɓalle ya kwanta kan turba. Direba ya tsaya ya ce bai yarda da wurin ba. Baba ya ce, "Taka da ƙarhi, ɗan ruwa na." Ya taka. Tayoyin baya suka nutse har gindin mota ya zauna.

Muka fito turi. Baba yana sanye da farar shadda da aka ɗinka don wannan rana, ya naɗe hannu ya kama bayan mota daidai saitin taya. Direba ya ba ta wuta. Abin da ya biyo baya, ƙanwata ta ɗauka a waya, kuma an hana ta nuna wa kowa, wanda ke nufin duk dangi sun gani.

Muna cikin haka muka ji ta. Daram! Sai wata irin guguwar ihu da kiɗa ta taso daga gabas da mu, ƙura ta tashi sama. Kowa ya saki mota ya tsaya. Ɗan Gwaggo ya ce, "Baba, mi na na?" Baba, laka har gira, ya ce, "Su na anka hwara."

Duk mai ƙarfi a yankin yana bakin gulbi. Da ƙyar Yaya ya samo wani dattijo da jikansa da shanun huɗa biyu. Dattijon da ya ji direbanmu mutumin Funtuwa ne, sai ya ƙi ɗaura igiya sai ya gama yi masa tsiya, don Kabawa da Katsinawa abokan wasa ne. Ya ce tun da yake bai taɓa ganin wanda ya kawo mota su ba sai Bakatsine, ya tambaye shi ko nawa ta yi a sikeli. Shanu suka fizge ta a ja na uku.

Mun isa filin muna cin karo da jama'a suna fitowa. Kifin da ya ci gasar giwan ruwa ne mai kilo 78, wani masunci daga Augie ya kama, aka ba shi motoci biyu da kujerun Makka biyu da miliyoyin naira. Mun gan shi a waya, kamar yadda wanda ke kwance a ɗakinsa a Gusau ya gan shi.

Kawu muka tarar a gindin wata bishiya, zaune kan tulin riguna da wayoyin masunta, yana cin soyayyen kifi. Su suka naɗa shi mai tsaron kaya, suka ajiye shi inda yake ganin komai tun daga jeruwa har awo. Ya dube mu sama da ƙasa ya ce, "Ku ma kun shiga ruwan?" A hanyar komawa ya ƙara da cewa gulbin da ya ratsa Gusau shi ne ya bi ta Bakolori, ya haɗu da Rima a Sakkwato, ya gangaro Argungu, saboda haka da mun sani da gora muka hau tun daga gida.

Inna

Da muka koma masauki ba mu tarar da Inna ba. Mai ciwon ƙafa ta sa uwargidan ta tsayar musu da Keke Napep, sun shiga tsohon gari wajen gidan tarihi na Kanta, tana tambayar sunayen mutanen da, har aka kai ta wani gida inda 'yar kawunta take, tsohuwa tukuf, ido ya tafi amma kunne garau. Sun rabu tun suna 'yan mata. A can ta wuni. Da ta dawo da la'asar na ce, "Amarya, kin rasa su." Ta ce, "Kai miji, ni da anka haiha bakin gulbi, kihi za a gwada mani? Cewa niy yi Argungu, ban ce su ba."

Baba yana jin ta. Bai ce komai ba.

Saura kifi. Baba ya ce ba za a koma Gusau hannu rabbana ba, ya sayi wani ƙato a hannun mutanen Kawu. Uwargidan ta ce a bari ta yanka ta yi banda cikin dare. Baba ya ce a'a, yana son maƙwabta su gan shi ɗungurungum. Ranar Lahadi aka naɗe shi a buhu aka ɗaure saman mota, cikin ranar Maris. Kafin Dange mun rufe gilashi, kafin Mafara mun buɗe. A wani shingen bincike jami'in ya matso zai leƙa, ya ja da baya, ya ce mu wuce da hannu. Maƙwabta ba su gan shi ba, amma sun san mun dawo.

Kafin watan ya ƙare korona ta sa an rufe makarantu, tafiye-tafiye suka tsaya, muka samu isasshen lokacin zama a rufe lissafi. Komai ya daidaita har ladan mai shanu, sai abu biyu: kuɗin silifas da kuɗin a-kori-kura. Kawu ya ce asusun tafiya ne zai biya, tunda jama'a suka tafi suka bar shi. Yaya ya ce shi kaɗai ya ga su, shi ya kamata ya biya mu. Aka kai wa Baba ya raba gardama, ya ce kada a sake yi masa maganar Argungu. Na rubuta su da fensir a ƙasan shafi, suna nan ban goge ba.